Shin Ko Kun San? Abin da ke Ƙarƙashin Fentin Ƙofa da Taga

Shin ko kun san cewa fotin da ake liƙe gilashin taga da shi abu biyu ne kacal, garin alli da man linsid? A zuba mai a garin, a kwaɓa, a yi ta murzawa har ya daina kama hannu, shi ke nan an samu foti. Haka masu saka gilashi a Turai suke haɗa shi tun shekaru ɗaruruwa da suka wuce, kuma duk da tarin sababbin sinadarai da suka cika kasuwa, masu gyaran tsofaffin gine-gine a can har gobe shi suke nema.

Shin ko kun san cewa allin foti ba irin na allon makaranta ba ne? Yawancin allin da malami ke rubutu da shi daga jifsam ake yin sa, wato abin da ake yin POP na silin da shi. Allin foti kuwa sinadarinsa ɗaya da dutsen da ake fasawa a yi siminti a Kalambaina da Ashaka da Malbaza, ɗaya kuma da ɓawon ƙwai. Fararen duwatsun gaɓar teku na Doba a Ingila duk alli ne, ragowar wasu ƙananan halittun ruwa da suka taru a ƙasan teku shekaru miliyoyi.

Man linsid kuma daga 'ya'yan tsiron filaks ake matso shi, tsiron da ake saƙa yadin lilin da zarensa. Rasha da Kazakistan da Kanada da Sin su ne kan gaba wajen noma shi.

Shin ko kun san cewa foti ba bushewa yake yi ba? Babu ruwa a cikinsa da zai tsane. Man ne ke shan iskar oksijin, ƙwayoyinsa su riƙa sarƙewa da juna har su daskare, kuma yayin da yake haka nauyinsa ƙaruwa yake yi kaɗan maimakon raguwa. Daga waje yake farawa. Cikin mako ɗaya zuwa uku zai yi fata a sama, amma cikinsa na iya ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru, yana da ɗan taushi. Wannan taushin shi ne amfaninsa, domin yana ba katako da gilashi damar motsawa ba tare da wani ya fasa wani ba. Matsalar ita ce babu mai gidan da ke son jin an ce masa ya jira mako biyu kafin a shafa fenti. Idan mai fenti ya bi son ransa ya shafa tun foti bai yi fata ba, fentin zai yamutse. Idan kuma aka bar shi tsirara wata da watanni, rana ta gasa shi, ya tsattsage. Tsakanin waɗannan biyun ake nema, kuma yatsa ne ma'auni: a taɓa a hankali, in bai bar shaida ba, lokaci ya yi.

Ko kun san man gyaɗa ba zai taɓa maye gurbin man linsid ba? Akwai masu ɗiga shi a fotin da ya sandare a gwangwani don ya yi laushi. Zai yi laushin kuwa, amma ba zai sake ƙarfi ba, saboda man gyaɗa ba ya cikin mayukan da iska ke daskarar da su. Haka man ja, haka man inji. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Shi ma man linsid ɗin da ake sayarwa da sunan dafaffe, a yau ba dafa shi ake yi ba, sinadaran ƙarfe irin su kobalt da manganis ake zuba masa don ya yi saurin kamawa. Saboda haka ba na ci ba ne, ko da wani ya ce muku 'ya'yan filaks magani ne.

Shin ko kun san cewa tsumman da aka goge man linsid da shi zai iya kama wuta shi kaɗai, ba ashana ba tartsatsi? Shan iskar da man ke yi yana fitar da zafi. Idan tsumman a shanye yake, zafin ya bi iska. Idan aka dunƙule shi aka jefa a lungu, zafin ya taru a ciki har ya kai ga ci. Ranar 23 ga Fabrairun 1991 irin wannan ta faru a birnin Filadelfiya na Amurka, a wani dogon bene mai hawa 38 da ake kira One Meridian Plaza. Ma'aikata masu gyaran katako sun bar tarin tsummokara masu man linsid a hawa na 22, wuta ta tashi, ta yi kusan awa 19 tana ci, 'yan kwana-kwana uku suka rasa rayukansu, benen kuma daga baya rushe shi aka yi. A shagon kafinta da dusar katako ta cika ko'ina, wannan ba abin wasa ba ne. A shanya tsumman a fili ɗaya-ɗaya, ko a nutsar da shi a bokitin ruwa.

A Birtaniya kuwa tsuntsaye ne ke ba masu saka gilashi ciwon kai. Wasu 'yan ƙananan tsuntsayen lambu kan zo su tsattsage sabon fotin taga su cinye.

Shin ko kun san cewa busasshen katako yana tsotse man da ke cikin foti? Wannan ne dalilin da ya sa foti ke zubowa gari-gari daga taga bayan shekara ɗaya ko biyu. An ɗora shi a kan katako tsirara, katakon ya shanye man, ya bar alli zalla. Ƙa'idar ita ce a fara shafa fentin farko mai mai a ramin da gilashin zai zauna, ya bushe, sannan a kawo foti. Haka ma ramukan ƙusa: bayan fentin farko ake cike su da foti, ba kafinsa ba. Kuma ba foti ne ke riƙe gilashi ba, wasu 'yan ƙananan ƙusoshi ne da ake kafawa a gefensa, aikin foti tare ruwa da iska. Abu na ƙarshe da mutane ke ɗauka kuskuren mai fenti ne alhali gwaninta ce: ana barin fenti ya hau kan gilashin da kamar milimita biyu, don ya rufe bakin da ruwan sama zai bi ya shiga bayan fotin. Mai gidan da ya sa yaro ya kankare wannan layin da reza don taga ta yi kyau, ya buɗe wa ruwa ƙofa da hannunsa.

Tagogin ƙarfe irin na tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu nasu fotin daban ne, domin ƙarfe ba ya shan mai, fotin katako a jikinsa sai ya daɗe bai kama ba. Tagar alminiyam da ta luba kuwa ba ruwansu da foti.

Shin ko kun san cewa katako bai daina motsi ba don an sare bishiya? Yana shan danshin iska ya kumbura, ya sake shi ya tsuke. Abin mamakin shi ne ba daidai yake motsin ba: a tsawonsa kusan ba ya canzawa, abin bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu ba daga ɗanye zuwa busasshe, amma a faɗinsa wasu itatuwan kan tsuke da kashi 8 cikin 100. Kowa a ƙasar Hausa ya san wannan ko bai san lissafin ba. Ƙofar da sai an sa mata kafaɗa take rufuwa a watan Agusta, ita ce za a ga haske ta tsagoginta a watan Janairu. Ƙari a kan haka, yawancin katakon da ake saukewa a kasuwannin 'yan katako irin ta Na'ibawa a Kano daga dazuzzukan kudu yake zuwa, sau da yawa da sauran danshinsa. Kafinta ya yi aiki da shi a haka, ya cike ramuka da fila, ya goge, ya yi fenti, hunturu na zuwa kowace mahaɗa ta buɗe baki. A nan ba filar ce ta yi laifi ba. Duk abin da za a cusa a tsagar katako, tambayar farko ita ce ko zai iya bin wannan motsin.

Wannan ya kawo mu ga filar mota. Shin ko kun san cewa kafin a ƙirƙiro ta, dalma ake narkawa a cike lotsawar jikin mota? A 1955 wani mai gyaran motoci a Miyami, Robert Spink, ya fito da haɗin da aka sani da Bondo, wanda kamfanin 3M ya saya a 2007. Kafintoci sun ƙyalla ido sun ga tana ƙarfi cikin minti ashirin zuwa talatin, tana goguwa sumul, sai suka aro ta daga wajen masu gyaran jikin mota. A kan kujera ko kabad da ke cikin ɗaki tana yin aiki. A ƙofar waje da rana da ruwa ke duka, ra'ayina shi ne asarar kuɗi ce: don ƙarfe aka yi ta, ba ta numfashi tare da katako, sai katakon ya janye ya bar ta, a ga zanen tsaga ya kewaye facin, ruwa ya shiga ta nan ya kwanta a bayanta.

Shin ko kun san cewa ruwa kaɗai ba ya ruɓar da katako? Wasu ƙwayoyin naman gwari ne ke cin sa, kuma suna bukatar danshi da iska a tare. Katakon da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ba sa iya taɓa shi. Wanda ya nutse inda iska ba ta kaiwa, shi ma ya tsira. Hujja tana nan gida: kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a yankin da ke jihar Yobe a yau. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, yana kwance cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai zurfin kusan mita 5, kuma aka fito da shi a 1994 da siffarsa. Birnin Benis na Italiya ma a kan turakun itace da ke cikin laka yake tsaye. Ita kuwa ƙafar ƙyauren banɗaki, da ke jiƙa da safe ta sha iska da rana, 'yan shekaru kaɗan sun ishe ta.

Don haka kafin a buɗe gwangwanin fila, a ɗauki sukudireba a soka wurin. Inda ta shige ba gardama, wannan katakon ya mutu, a sassaƙe shi da cizal har a kai ga mai ƙarfi. Sannan a nemi inda ruwan ke fitowa, indararo ne ko famfo ko kwanon rufi, a toshe, a bar wurin ya bushe sarai. Wanda ya shafe ruɓa da fila ya bi da fenti mai sheƙi, ya kulle danshi ne a ciki, ruɓar ta ci gaba da aikinta ba mai ganinta.

Ita ma gara haka take ɓarna a ɓoye. Takan cinye cikin katako ta bar ɓawon waje da fentinsa lafiya lau, sai an ƙwanƙwasa a ji fanko. Ƙananan ramuka kuma da gari mai laushi ke zubowa daga cikinsu aikin gunda ne, kuma ramin da kuke gani ƙofar fita ce, ƙwaron ya riga ya gama ɓarna a ciki, wataƙila ya bar ƙwai. Farin katako mara nauyi irin obece shi suka fi so. Cike ramukan ba tare da an sa magani ba kwalliya ce kawai. Sai dai a kula da irin maganin: baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi, duk inda ya taɓa, fila ba za ta kama ba, fenti ma zai yi ta fitar da tabo.

Shin ko kun san cewa kafintocin Fir'auna ma da fila suke rufa wa kansu asiri? Itatuwan Masar, irin su bagaruwa da ɓaure, ba sa ba da dogon katako miƙaƙƙe, mai kyau sai an yi odarsa daga Labanan da tsada. Sai su harhaɗa guntaye, su kwaɓa garin alli da gam ɗin da aka dafa daga fata da ƙashin dabba, su cike ramuka, su shafe jikin duka, su goge, sannan mai zane ya hau kai. Akwatin nan mai zanen yaƙi da farauta da aka samu a kabarin Tutankamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922, a kan irin wannan shafen aka zana shi, ya kuma haura shekara 3,000. Busasshiyar iskar kabari ta taimaka, ba shakka.

Kafintanmu na bakin titi bai yi nisa da su ba: dusar katako mai laushi da farin gam, a kwaɓa a cusa. Dabara ce mai kyau ga ƙananan ramuka a kayan ɗaki, musamman idan dusar daga katakon da ake gyarawa ta fito. Aibinta biyu. Tana tsukewa idan ta bushe, kuma farin gam na yau da kullum ba ya jure ruwa. Idan kuma ba fenti za a yi ba, launi za a shafa a bi da banish, wurin gam ɗin ba ya shan launi, sai ya fito fili kowa ya gani.

Wasu kan ɗiga sufa gulu a kan dusar, ta daskare nan take. Shi wannan gam ɗin tsautsayi ne ya haife shi: Harry Coover ya ci karo da shi a 1942 yana neman roba mai haske ta saitin bindiga, ya yar da shi saboda yana manne wa komai, sai a 1958 aka fara sayar da shi. Kada a goge shi da auduga, zafi yake yi har ya ƙona fata.

Shin ko kun san cewa gam mai haɗi biyu irin Araldite daga neman kayan haƙoran roba ya samo asali? Pierre Castan, masanin sinadarai a Suwizalan, a kamfanin kayan haƙori yake aiki lokacin da ya haɗa ifoksi, kamfanin Ciba kuma ya fito da shi kasuwa a tsakiyar shekarun 1940. A yau akwai nau'in da aka yi musamman don katako: mai ruwa-ruwa da ake fara shafawa ya ratsa ya ƙarfafa wurin, da mai kauri da ake cike ramin da shi. Kusan ba ya tsukewa, yana kama katako gam, kuma an yi shi da ɗan sassauci. A wajen gida shi ne gwani. Sai dai da tsada, kuma rana na lalata shi idan ba a rufe shi da fenti ba.

Amma idan rami ya kai a sa dunƙulen hannu, babu filar da ta kai katako. A yanke wurin da kusurwa mai tsabta, a sassaƙo guntun katako iri ɗaya, jijiyarsa na kallon inda ta uwar ke kallo, a sa gam a dasa. Za su kumbura tare, su tsuke tare. Wannan facin shi ke bambanta kafinta da mai buga ƙusa.

Ko kun san ba kowace lotsawa ce ke son fila ba? Idan guduma ce ta danne katako ba tare da ta yanke jijiyarsa ba, a ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a wurin, a danna dutsen guga mai zafi. Tururin zai kumbura jijiyoyin da suka lotsa, su taso su koma daidai.

Shin ko kun san cewa wani ƙwaro ne ke maganin idon katako? Katakon fayin da ake shigowa da shi yana da idanu masu fitar da ƙaro, wanda ke ratsa fenti ya bar tabo ruwan ƙasa ko sau nawa aka shafa. Abin da ke tare shi shi ne shelak, wani ƙaro da ƙwaron lak ke fitarwa a rassan bishiyoyi a Indiya da Tailan. Da shi aka riƙa yin faya-fayan garmaho kafin zuwan na roba. Katakon loko kuma nasa halin daban: yana da sinadarin da ke hana fenti mai mai bushewa da wuri, shi ya sa ake goge fuskarsa da tina kafin a fara. A cikinsa ma akan tarar da dunƙulen dutse mai dakushe zarto, kuma dutsen nan sinadarinsa ɗaya da allin foti.

Kan ƙusa da aka bari daidai da fuskar katako zai yi tsatsa ya ɓullo ta cikin fenti. A nutsar da shi milimita biyu ko uku, sannan a cike. Filar da ake kwaɓawa da ruwa kuma ba a cika rami mai zurfi da ita a tashi ɗaya, sama za ta bushe ta bar ciki ɗanye. Kaɗan-kaɗan ake sawa, na ƙarshe ya ɗan yi tozo, samfefa ta daidaita. Silikon da ake liƙe gilashin alminiyam da shi kuwa, fenti ba ya zama a kansa ko kaɗan.

Shin ko kun san cewa ƙurar tsohon fenti na iya zama guba? Shekara da shekaru ana zuba farar dalma a fenti, har da foti, don su yi ƙarko. Tun 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar taƙaita amfani da ita, amma Amurka sai a 1978 ta hana ta a fentin gidaje. Mun ga abin da dalma ke yi wa yara a Zamfara a 2010, inda sama da 400 suka rasu, ko da yake can daga niƙan dutsen zinariya ta fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Wani tsohon fotin ma har da asbestos a cikinsa. Saboda haka tsohuwar ƙofa ko taga ba a goge ta a bushe a tsakar gida yara na wasa, ba a kuma babbake fentinta da wuta. A jiƙa, a kankare, a tattara a zubar nesa, a wanke hannu kafin a ci abinci. Ita kanta ƙurar katako, tun 1995 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanci, abin da ya kamata ya sa takunkumi ya zama kayan aiki a kowane shago.

Ko kun san lambar da ke bayan samfefa, ƙaramarta ita ce mai kaushi? Da 80 ake rage tozon fila, a bi da 120, a gama da 180 ko 220, kullum ana bin jijiyar katako ba a gicciye ta ba. A naɗe ta a guntun katako mai lebur, domin yatsa kan rarake filar ya bar kwari. Bayan nan a sake taɓa kowane faci da fentin farko, in ba haka ba zai sha fenti fiye da kewayensa ya fito dishi-dishi. Fenti mai sheƙi kuwa ba ya ɓoye komai, ƙara tona aibi yake yi. Kafin a buɗe gwangwaninsa, a kashe fitilar ɗaki, a kwantar da tocila a jikin katakon ta haska shi a kaikaice: duk rami da tozon da ido bai gani ba zai yi inuwa, a zagaye shi da fensir a koma kansa.